Haɗarin Shaƙar Tururin Metanol: Abin da Gwaji kan Dabbobi Ya Nuna

Gabatarwa

Metanol ruwa ne garai marar launi. Ana samunsa cikin sifirit da wasu ruwan tsinka fenti, kuma da shi ake sarrafa man bini-da-zugu ya zama man injin. Yana tafasa a ma'aunin zafi 65, don haka a lokacin bazara yakan bi iska da sauri. Kowa ya san shansa na makantarwa, har ya kashe. To, shaƙar tururinsa fa?

Sakamakon bincike

A shekarar 1993, masana a Hukumar Kare Muhalli ta Amurka sun sa ɓeraye masu ciki su shaƙi tururin, awa 7 kullum. Da yawansa ya kai kashi 2,000 cikin miliyan na iska, an ga ƙarin haƙarƙari a wuyan 'ya'yan. Daga kashi 5,000 kuwa, an samu masu tsagaggiyar ganɗa da waɗanda ƙoƙon kansu bai rufe ba.

A 1999, Jami'ar Washintan ta gwada birai da kashi 200 zuwa 1,800, awa biyu da rabi kullum. Iyayen ba su nuna alamar ciwo ba, amma sun haihu kwana 6 zuwa 8 kafin lokaci.

Ka lura da wannan: hanta na mayar da metanol wani sinadari mai tsami da ke lalata jijiyar gani. Jikin ɓera na saurin fitar da shi, amma a jikin biri da ɗan Adam taruwa yake yi. Iyakar da aka yarje wa ma'aikaci a Amurka ita ce kashi 200 a aikin awa 8.

Matakan kariya

1. Ka yi aikin a fili ko rumfa mai wadatar iska, ba a rufaffen sito ba.
2. Kada ka bari mai juna biyu ko yaro su matso.
3. Ka rufe jarka da kyau, ka ajiye ta a inuwa nesa da wuta, domin harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai da rana.
4. Kada ka dogara da ƙyalle ko takunkumin ƙura. Ba sa tare tururin.
5. In ka ji ciwon kai, jiri ko dishi-dishin gani, fita iska, ka garzaya asibiti da jarkar. Alamomin kan jinkirta awa 12 zuwa 24.

Malamin gona, isar da wannan saƙo ga ƙungiyoyin manoma na yankinka. Rigakafi ya fi magani.