Gidan Bature ne, to sai me?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare daga Birnin Kebbi zuwa Ambursa har Argungu, duk lokacin da malamin makaranta ya ce zai kai ɗalibai ganin wani tsohon gini na zamanin Turawa: wai mene ne abin kallo a gidan wanda ya zalunci kakanninmu, zuwa can ma girmama azzalumi ne. Da wannan hujja ake hana yara tafiya. Da ita kuma ake kawar da kai idan wani ya ɓalle tagogin tsohon gidan Di'o ya kai wa 'yan gwangwan, ko aka yanka filin gidan aka sayar. Wasu kan ƙara da cewa aljanu sun tare a ciki, amma wannan ba ta cancanci dogon jawabi ba, jemagu ne da mujiya irin na kowane kango. Ta farkon ce ke bukatar amsa, domin har masu ilimi na faɗinta.

Sai a fara tambaya: wa ya gina gidajen nan? Razdan bai taɓa kwaɓa ƙasa ba, Di'o bai ɗauki tubali a ka ba. Maginanmu ne suka tayar da bango, talakawa suka ɗauko azara da ruwa, sau da yawa ba da son ransu ba, kuɗin aikin kuma daga harajin manomi da jangalin makiyayi ya fito. Dubi Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, ya zauna, a unguwar da ya buɗe makarantar boko a 1909. Ginin ƙasa ne, mai kaurin bango da zankwaye a kan soro da zane irin na gwanayen maginan Kano. Wanda ya shiga da tsakar rana a bazara zai ji sanyin ɗakin ya ratsa shi ba fanka ba na'ura. Wannan gwaninta ta Bahaushe ce, Bature haya kawai ya yi a cikinta. Wanda ya ce a bar gidan ya rushe don haushin Bature, aikin hannun kakansa yake zubarwa, shi kuwa Baturen ya daɗe a kabari bai san ana yi ba.

Sannan gini shaida ne, kuma mai ƙara ba ya ƙona takardar shaidarsa. A Ghana, gidan da 'yan Fotugal suka gina a Elmina a 1482, wanda aka riƙa tsare bayi a cikinsa kafin a tsallaka da su teku, yana nan ana kula da shi, jikokin bayin na zuwa daga Amurka su shiga kurkukun su fito da hawaye. Ba wanda ya ce mutanen Ghana na yabon masu fataucin bayi. Mu kuwa a Zungeru, inda aka yi hedikwatar mulkin Arewa daga 1902 zuwa 1916, abin da ya rage na gine-ginen gwamnati ginshiƙai ne a cikin ciyawa. Gadar ƙafa ta Gwamna Lugga ta tsira ne don an kwance ta an kai Kaduna a 1954. Yaron da aka karanta wa labarin mulkin mallaka a aji yakan manta kafin jarrabawa. Wanda ya tsaya a barandar da ake tsugunar da dagatai ya ga tazarar da ke tsakanin ɗakin Bature da ɗakin kuku a bayan gida, ba sai an yi masa wa'azi ba, gani ya kori ji.

Mu a nan ba mu da uzuri, domin misalin yana ƙofar gidanmu. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi a Argungu ta zama fanko ne a 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada, kuma da an bi ra'ayin masu cewa tsohon gini ba shi da amfani, da tuni ta zama juji. Sai aka mayar da ita Gidan Tarihi na Kanta a 1958, inda yau ake ganin masu da takubba da baka da kwari da tambura, ga kuma kaburburan sarakuna. Tarihin yankin ma ya fi ƙarfin a taƙaita shi da cewa mu da su. Turawa sun sauka Argungu kafin su ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma bayan tarzomar Satiru a 1906 ne Sarkin Gwandu ya tare a Birnin Kebbi. Gine-ginen wancan zamani su ne ke riƙe da wannan labari mai sarƙaƙiya. Masu cewa gara a sa kuɗin gyaran a asibiti da rijiyar burtsatse suna da gaskiya kan bukata, amma ginin ƙasa ba miliyoyi yake ci ba, yaɓe yake so a kan kari. Baƙin da ke sauka filin jirgin Ambursa don bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, kwana ɗaya da za su ƙara don yawon ganin tarihi ciniki ne ga mai masauki da mai kabu-kabu da mai tuwo. 

Wanda zai je ganin irin waɗannan wurare kuwa, ya je da ladabi. Abin takaici ne ka ga bango ya shekara ɗari yana tsaye, sai wani saurayi ya zo da ƙusa ya kwarzana sunansa da na budurwarsa. Kada a jingina da zane, kada a hau soro don ɗaukar hoto, domin azarar da gara ta ci ba ta yin gargaɗi. A nemi izini kafin a ɗaga waya, musamman wajen kaburbura, a rage murya, a yi wa mamata addu'a. A biya kuɗin shiga ba tare da ciniki ba, a kuma sallami mai zagayawa da baƙi. Malamai su karanta wa ɗalibai labarin wurin tun a aji, su raba su ƙungiya-ƙungiya, kowa da littafi da tambayarsa: wa ya gina, da me, wa ya biya, su wa aka hana shiga ta ƙofar gaba. A je da sanyin safiya, lokacin hunturu ya fi.

Masu riƙon irin waɗannan gidaje su ma su ji. Shafa siminti a kan bangon ƙasa ba gyara ba ne, yana kulle danshi ne a ciki har bangon ya ruɓe ya zube da damina. A nemo tsofaffin magina su yi yaɓe da makuba kafin ruwan farko, a share indararo, a sare bishiyar da saiwarta ta doshi tushen gini. Matasan gari kuma su zauna da dattawan da suka ga ƙarshen zamanin En'e, su naɗi muryarsu a waya, su rubuta wane gida ne na wa, su kai kwafi ofishin hakimi da makarantar garin.