Zanen kyanwa na musamman: Abin da ya kamata a duba kafin a biya mai zane

A watan Nuwamban 2015, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York ya sayar da wani zane a kan dala 826,000. Babu sarki ko jarumi a jikinsa. Kyanwoyi ne guda 42, wasu a zaune, wasu a kwance, wasu na wasa.

Wata attajira 'yar San Francisco a Amurka, Kate Birdsall Johnson, ce ta ɗauko mai zane Carl Kahler a 1891 domin ya zana mata kyanwoyinta. Zanen, wanda sunansa ke nufin "Masoyan Matata", ya kai kusan mita 1.8 a tsaye da mita 2.6 a kwance, nauyinsa kuma ya haura kilo 100.

Abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne Kahler bai tara kyanwoyi 42 masu kama ɗaya ba. Sai da ya zauna da su, ya riƙa zana kowace daban har ya san halinta, kafin ya haɗa su wuri guda.

Wannan ne ma'aunin da har yanzu ake auna irin wannan aiki da shi. Kowa na iya sayen hoton kyanwa a kasuwa. Wanda ya biya aka zana masa tasa kuwa, so yake ya kalli bango ya ce, "Ita ce."

Daga kabarin Masar zuwa wayar hannu

Zana kyanwa ba sabon abu ba ne. A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani zanen bango da aka ciro daga kabarin wani ma'aikaci a tsohuwar Masar mai suna Nebamun, wanda aka yi wajen shekara 1,350 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki an nuna kyanwa tana cafkar tsuntsaye a fadama.

A Ingila, sunan Louis Wain ne ya fi fita. Ya fara ne da zana kyanwarsu mai suna Peter domin ya faranta wa matarsa Emily, wadda ke kwance tana fama da cutar daji. Ta rasu a 1887, shi kuma ya ci gaba da zanen kyanwoyi har ƙarshen rayuwarsa a 1939.

A Amsterdam kuwa akwai gidan kallo sukutum na zane-zanen kyanwa mai suna KattenKabinet, wanda Bob Meijer ya buɗe a 1990 domin tunawa da muzurunsa da ya mutu.

Bambancin yau shi ne ba sai attajiri ba. A shafuka irin su Etsy da Instagram, mutum na tura hoton kyanwarsa daga waya, mai zane da ke wata ƙasa ya yi aikin, a aiko masa. Sauƙin ne kuma ya buɗe ƙofar a yi wa mutum sakiyar da ba ruwa.

Komai daga hoto yake farawa

Yawancin masu zanen ba za su taɓa ganin kyanwar ido da ido ba. Abin da aka tura musu shi za su zana. Idan hoton ya yi dishi-dishi, sai mai zane ya cike giɓin da tunaninsa, a ƙarshe a samu kyakkyawar kyanwa, amma ba ta mai gida ba.

Hoton da ya fi dacewa shi ne wanda aka ɗauka da rana, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, mai ɗauka ya durƙusa daidai tsayin idonta. Hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙara girman kai, ya rage jiki.

A guji kunna fitilar kyamara. A bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda ke taimaka mata gani da dare. Shi ne ke sa idonta ya yi ƙyalli kamar tocila idan an haska shi, ainihin launin idon ya ɓace.

Ƙarfin haske ma na sauya fuskarta. A rana tsaka ƙwayar idon na tsukewa ta zama siririn layi, kyanwar ta yi kama da mai shirin kai farmaki. A haske mai laushi ƙwayar na buɗewa, fuskar ta yi sanyi.

Yana da kyau a tura hotuna uku zuwa biyar, a kuma rubuta alamomin da ba a so a manta: yagewar kunne, farin ɗigo a hanci, lanƙwasar wutsiya. Baƙar mage ta fi kowace wahalar ɗauka, domin a hoto takan fito kamar inuwa mai ido biyu, sai an samu hasken da ke zuwa daga gefe.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi a WhatsApp. Manhajar na rage nauyin hoto idan an tura shi kai-tsaye, gashi da gashin baki su dushe. A tura shi a matsayin fayil, ko ta imel.

Wane irin zane?

Fentin mai shi ne ya fi daɗewa, launinsa kuma ya fi zurfi. Sai dai yana ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya bushe, don haka ba aikin gaggawa ba ne.

Fentin akirilik na bushewa cikin ɗan lokaci, ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana jure zirga-zirgar gida.

Fentin ruwa da fensir mai launi sun fi fito da laushin gashi, amma a kan takarda ake yin su. Dole a sa su a firam mai gilashi, a kuma nisanta su da rana, domin suna koɗewa.

Zanen gawayi ko fensir baƙi ya dace da kyanwa mai zane-zane a jiki. Idan kuwa launin ido ne abin da aka fi tunawa da ita, wannan ba zai biya buƙata ba.

Sai zanen kwamfuta, wanda ake bugawa a takarda ko kyalle. A nan ake samun salon nan da ake ɗora kan kyanwa a jikin basarake ko janar na soja. Abin dariya ne mai kyau, amma wanda kyanwarsa ta mutu ba lallai ya ga abin dariya a ciki ba.

Aikin hannu ko aikin manhaja?

Da zuwan ƙirƙirarriyar basira, ana iya mayar da hoto ya yi kama da zanen fenti cikin daƙiƙoƙi. Sayar da irin wannan ba laifi ba ne idan an faɗi gaskiya. Matsalar ita ce a sayar da shi a farashin aikin hannu.

Kafin a biya kafin alƙalami, mai saye na da damar neman ganin tsofaffin ayyukan mai zanen tare da hotunan da aka zana su daga ciki. A nan ake gane ko yana kama kamanni, ko fuska ɗaya yake yi wa kowace kyanwa.

A nemi ya turo hoto ko bidiyon aikin yana tsaka da yi. A kuma yi magana tun farko a kan girma, ranar gamawa, sau nawa za a iya gyara, da wanda zai ɗauki asara idan zanen ya lalace a hanya.

Wanda ya yi alƙawarin babban zanen fentin mai cikin kwana biyu a farashin abincin rana, akwai lauje cikin naɗi.

Ba dole ne kuma sai an tsallaka ƙetare ba. Masu zanen da ke yi wa ango da amarya hoto a Kano ko Kaduna ko Abuja, da ɗaliban sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na iya wannan aiki. Ribar na kusa ita ce ana iya zuwa a gani da ido, babu kuma kuɗin dako da canjin dala.

Inda za a rataye shi

Gidajen baje kolin zane kan rataye hoto ta yadda tsakiyarsa za ta kasance kusan santimita 145 daga ƙasa, wato daidai idon mai tsaye. A gidaje an fi kai shi can kusa da silin, inda ba a ganin aikin.

A auna bango kafin a zaɓi girma. Ƙaramin zane a faffaɗan bangon falo yakan ɓace, gara a ajiye shi a kan kanta ko teburin karatu.

Kicin da bangon da ke jan danshi da damina ba wurin zane ba ne. Ƙurar hunturu kuma dalili ce ta sa gilashi. Idan zanen ba shi da gilashi, a kaɗe shi da busasshen buroshi mai laushi, kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Idan kyauta za a yi

Tambayar farko ita ce ko mutumin zai rataye shi. A ƙasar Hausa kyanwa 'yar gida ce, kuma kowane ɗalibin islamiyya ya san cewa laƙabin sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo asali. Duk da haka, malamai sun yi saɓani a kan zana abu mai rai da rataye shi, kuma akwai gidaje da yawa da ba sa yi.

Ga irin wannan gida, ana iya yin zanen sawun ƙafarta, ko a rubuta sunanta da kyakkyawan rubutu a sa a firam. Tambayar wani na kusa da mutumin ta fi a kai masa abin da zai ɓoye a ƙarƙashin gado.

Idan kyanwar ta mutu ne, lokaci na da muhimmanci. Kyanwar gida kan kai shekara 12 zuwa 15, wasu ma su wuce, wato yaro na iya tasowa da ita tun daga firamare har ya gama sakandare. Wani zai so ganin fuskarta a makon farko, wani sai bayan watanni.

A irin wannan hali ba za a sake ɗaukar wani hoto ba, sai abin da ya rage a waya. A tattara duk wanda aka samu, har da marasa kyau, a haɗa wa mai zane da bayanin halinta: inda take kwanciya, yadda take karkata kai idan an kira ta. Sau da yawa wannan bayanin ne ke sa mai kyanwar ya gane ta tun daga bakin ƙofa.