Gasa a Matsayin Hanyar Zaƙulo Sababbin Marubuta

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda ake gano matashin marubuci tun sunansa bai fito ba, da kuma abin da ke biyo bayan gano shi.

A Ingila, tun daga 1983, mujallar Granta kan fitar da sunayen marubutan ƙagaggun labarai 20 waɗanda ba su haura shekara 40 ba, sau ɗaya a kowace shekara 10. Buchi Emecheta tana cikin jerin farko, Ben Okri kuwa yana cikin na 1993. To amma galibin waɗanda akan zaɓa sun riga sun sami maɗaba'a. Wato haska su kawai ake yi.

A ƙasar Hausa al'amarin ya sha bamban, domin rubutun da ba a buga ba shi ake aunawa. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A lokacin Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ne. Haka kuma gasar kamfanin NNPC ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, aka buga su a 1980. A 1982 aka buga Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa, sakamakon gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya. Daga bisani, a 2016, Sashen Hausa na BBC ya ɓullo da gasar Hikayata domin mata.

Abin lura a nan shi ne, cin gasa kaɗai ba ya raya marubuci. Muhammadu Gwarzo, mai Idon Matambayi, da wannan littafi ɗaya aka san shi. Imam kuwa East ya jawo shi Zariya, ya ba shi littattafai da lokaci, har Magana Jari Ce ya samu, sannan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Renon da ya biyo bayan gasar ya taimaka ƙwarai wajen bunƙasar baiwarsa.

Wannan darasi ya shafi Jihar Jigawa kai tsaye. Matashin da ke rubutu a Garki yana nesa da maɗaba'un Kano da Zariya, kuma da wuya rubutunsa ya kai hannun manazarci. Saboda haka ya kamata malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Dutse da na makarantun sakandare su tsayar da gasa mai ƙayyadadden lokaci, a tanadi mai gyara, a kuma ɗauki alkawarin buga littafin da ya ci. In ba haka ba, rubuce-rubuce masu daraja za su ƙare cikin akwati ba wanda ya karanta su.