Sababbin Launukan Zare Da Farin Saƙar Bargo

Idan kaka ta juya baya, iskar hunturu ta soma busowa daga gabas da arewa, masu sayar da zare a kasuwannin Kano da Zariya da Katsina sukan kwance sababbin diloli. A ranar nan rumfarsu takan zama abin kallo. Ga ja wur, ga ruwan goro, ga tsanwa da algashi, ga ruwan hoda, ga ruwan ɗorawa, ga wani shuɗi mai haske kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Mace ta aiko yaro da kuɗin curi biyu, ya koma gida da labarin launi goma, gobe sai ga ta ta sake aikowa. Wadda ta yi niyyar saƙa wa jikanta hula da safa sai zuciyarta ta raya mata bargo sukutum. Masu sana'ar sun san wannan hali sarai, shi ya sa suke jera sabon launi a bakin rumfa, tsohon kuwa su tura shi can ciki.

Wannan yalwar launi baƙuwa ce, ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai a ƙasar Hausa ba. A zamanin da, marini launinsa ɗaya ne, watau shuni, amma fa ya gwanance a kansa har ba a kama ƙafarsa. Ana yanko baba, a daka, a cura, a shanya, sa'an nan a zuba a rijiyar karofi tare da toka da katsi, a yi ta motsawa kwana da kwanaki har ruwan ya nuna. Zaren da aka tsoma sau ɗaya ya fito da shuɗi mai haske, wanda aka yi ta maimaita wa ya koma baƙi sidik, in ya je hannun mabuga ya riƙa ƙyalli. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa ga shekarar 1498, har yau yana nan. Lokacin da Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kai wa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Sauran launuka ba su da yawa. Ana samun ja daga karan dafi, rawaya daga saiwar itacen rawaya, sai kuma launin tsamiya, wanda shi ba rini ba ne, haka tsutsar take saƙa abinta. Ja mai ɗaukar ido kuwa sai alharini, zaren siliki da fataken Larabawa suke ƙetaro Sahara da shi a kan raƙuma, kuma tsadarsa ta sa ba a ganinsa sai a barage da aikin wuyan rigunan manya.

Mafarin sauyin al'amarin a birnin Landan ya faru, cikin 1856, kuma ba da niyya ba. Wani saurayi mai shekara 18, William Perkin, yana neman hanyar haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga abubuwan da ake tatsa cikin kwalta. Maganin bai samu ba, sai wani baƙin dusƙi a gindin kwalba. Da ya zuba barasa don ya wanke, sai ruwan ya koma shunayya, ya tsoma ƙyallen siliki, launin ya kama. Yaron nan ya bar makaranta ya kafa masana'anta, ya yi arziki tun bai tsufa ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin 1859 aka fitar da wani ja mai sirkin shunayya a Faransa, aka raɗa masa suna majenta saboda wani yaƙi da aka gwabza a garin Magenta na Italiya a wannan shekara. Cikin 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da ba a noma ba, ba a daka ba, abin da ya karya manoman baba na ƙasar Indiya cikin 'yan shekaru kaɗan. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, waɗannan launuka suka sami hanya mai sauƙi zuwa hannun marinanmu, karofi ya soma ja da baya sannu sannu.

Shi kuwa zaren da mata suke kira ulu, ya kamata attajiri ya san gaskiyarsa. Asalin sunan na gashin tumaki ne, amma galibin abin da ke rumfunan kasuwa yau ba tunkiyar da ta taɓa ɗaukarsa a bayanta. Sunansa akirilik, daga sinadaran man fetur ake yinsa. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi kasuwa cikin 1950 da sunan Orlon. Yana da araha, asu ba ya cinsa, yana shan wanki, kuma yana riƙe launi da kyau ƙwarai, wannan ne dalilin da ya sa launukansa suke da kaifi haka. Bambance shi da ulu na ainihi ba shi da wuya. A ciro ɗan tsinke a kanga masa ashana. Na tunkiya ya yi warin ƙonannen gashi, ya mutu da kansa, ya bar baƙin abu da ke murƙushewa tsakanin yatsu. Na auduga ya ci da wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi. Akirilik kuwa sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri. Mai sayar da wannan da sunan wancan, a farashin wancan, ya yi algus, ko da shi ma haka aka sayar masa a Legas.

Saƙa da tsinke biyu mutane da yawa sun ɗauka ta Turawa ce, domin ta hannun matan mishan da makarantun 'yan mata ta yaɗu a nan. Alhali kuwa mafi tsufan kayan irin wannan saƙa da aka samu a duniya a Masar aka tono su, safunan auduga ne farare da shuɗi, na wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, waɗansu har da ado mai siffar rubutun Kufi. A wani kabarin 'yan sarauta kusa da Burgos ta ƙasar Sifen an sami matasan kai saƙaƙƙu na wajen 1275, ɗauke da rubutun Larabci. Ashe auduga da shuni, waɗanda Bakano ya sani tun fil azal, su ne suka buɗe wannan babi.

To, wadda za ta fara bargo, murnar sabon launi ba za ta ishe ta ba, sai ta yi lissafi. Da fari ta saƙa ɗan gwaji kamar faɗin tafin hannu, ta auna. A misali, in madauki 20 suka ba ta inci 4, kuma tana son bargo mai faɗin inci 40, to, madauki 200 za ta ɗora a tsinke. In layi 28 ne ke cika inci 4, tsawon inci 60 zai ci layi 420. Jimla madauki 84,000 ke nan, kowane da hannu, tsakanin girki da reno. Ba aikin mako ba ne, kuma wadda ta fara bayan sanyi ya kankama, mai yiwuwa ne sai zafin bazara ya same ta da rabin bargo a cinya. Waɗansu sukan sauƙaƙa wa kansu da saƙa shi gutsure gutsure, kowane da launinsa, da tsinke ko da kwarashi, daga baya su harhaɗa. Wannan ba baƙon tsari ba ne a wurinmu, gama haka masaƙin gargajiya yake fitar da ƙwarya ƙwarya, maɗinki ya haɗa su su zama luru ko gwado. Kuma lalle a yi wa gefen bargo saƙa mai tudu da kwari, in ba haka ba bakinsa zai riƙa naɗewa kamar tabarma.

Abin da ya fi jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne zaren ya ƙare aiki bai ƙare ba. A masana'anta tukunya tukunya ake rini, kuma tukunya biyu ba sa fitowa daidai, ko da sunan launin ɗaya ne, awon maganin ɗaya ne. Saboda haka a jikin takardar da ke naɗe da curi akan buga lamba biyu, ta launi da ta tukunya. Mace ta sayi curi shida na ruwan goro, bayan wata biyu ta aiko a ƙaro huɗu, a rumfa ido bai ga bambanci ba, amma da aka shimfiɗa bargon a rana sai ga layi ya raba shi biyu, sama ya fi ƙasa duhu. Bargon babba yakan ci kilo guda na zare ko fiye, watau curi goma masu giram 100. Mai hankali ta sayi abin da zai ishe ta a rana ɗaya daga dila ɗaya, ta ƙara curi guda na ko-ta-kwana. Ɗan kasuwa mai amana kuwa shi ne wanda zai tambaye ta abin da za ta saƙa kafin ya miƙa, ya ajiye mata saura in kuɗinta bai kai ba, ya kuma faɗa mata in lambar ta sauya. Wanda ya yage takardar don kada a gane, ciniki ɗaya ya ci, mata kuwa ba sa ɓoye wa juna irin wannan labari a gidan biki.

Launi mai zuba ma akwai gwajinsa. A jiƙa ɗan zaren da ruwan ɗumi da sabulu, a matse shi cikin farin ƙyalle. In ƙyallen ya ɗauki launi, kada a haɗa wannan zare da fari a bargo ɗaya, musamman ja da baƙi, domin wankin farko zai mai da farin ruwan hoda ko ruwan toka, ba kuwa mai iya mai da shi.

Saura magana guda, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Lokacin da ake rufa da bargo shi ne lokacin da ake shigar da kaskon garwashi ɗaki, a kuma bar fitila ko kyandir kusa da shimfiɗa. Ulu na tunkiya ba ya saurin kamawa da wuta. Akirilik yana kamawa, ya narke, ya manne a fata, ƙunarsa kuwa ta fi ta auduga muni. Galibin waɗannan barguna masu kyawun launi jarirai ake saƙa wa, ana kai su kyauta ranar suna. Ya kamata wadda ta saƙa ta faɗa wa mai jego wannan a lokacin da take miƙa mata, mai rumfa kuma ya faɗa wa yaron da aka aiko.