Fankokin Tarka: Wace Magana Ce Gaskiya, Wace Ce Ƙanzon Kurege?

A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Savannah Energy na Birtaniya, domin gina tashar lantarki mai aiki da iska a jihar Tawa, wadda aka raɗa wa sunan Tarka. Lissafin da aka bayar a lokacin shi ne injina har 60, masu iya ba da megawat 250. Ga ƙasar da ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya, kuma ta kwana cikin duhu a 2023 da aka katse layin bayan juyin mulki, wannan babban labari ne. Sai dai ba a Yamai za a kafa dogayen fankokin ba. A ƙasar manoma da makiyaya za su tsaya, kuma duk inda aka kai irin wannan aiki, jita-jita kan riga injiniyoyi isa ƙauye. Abin da ke damuna shi ne maganganun ƙarya sun fi saurin yaɗuwa, har su kan ɗauke hankalin mutane daga wuraren da ake cutarsu da gaske.

Mu fara da lafiya, don nan ne tsoro ya fi yawa. Ana cewa injinan na jawo ciwon daji, ko ɓari, ko su hana haihuwa. Babu hujja a kan ko ɗaya. Injin iska ba ya ƙona mai, ba ya fid da hayaƙi. Iska ce ke juya fikafikansa, su kuma su juya janareta da ke can ƙololuwa. Hukumar lafiya ta Kanada ta binciki gidaje fiye da 1,200 da ke maƙwabtaka da irin waɗannan injina, ta fitar da sakamako a 2014, ba ta kuma sami alaƙa tsakanin ƙararsu da rashin lafiya ko rashin barci ba. Abin da ta gano shi ne, inda ƙarar ta fi ƙarfi, an fi samun masu cewa ta gallabe su. Wannan kam gaskiya ne. Fikafikan suna da wani huci mai maimaituwa, kuma da hantsi ko la'asar inuwarsu kan riƙa gilmawa ta kan gidan da ke kusa. Jamusawa sun ɗauki abin da muhimmanci har suka ƙayyade kada wannan gilmawar inuwa ta wuce awa 30 a shekara a kan gida. Maganin duka biyun tazara ce. Tambayar da ta dace ita ce mita nawa za a bari tsakanin injin da gida na ƙarshe a gari.

Sai batun damina. Manomi da ya ji an ce fankokin za su kore hadari dole gabansa ya faɗi, ban kuma ga laifinsa ba. To amma ruwan damina a Sahel yana zuwa ne da iska mai laima daga tekun Atilantika, kuma gajimaren hadari kan yi sama fiye da kilomita 10, alhali injin mafi tsawo ɗaruruwan mita kaɗan ne. Ba ya hura iska ma balle ya kori wani abu. Ƙarfin iskar da ke wucewa yake karɓa. Abin da masana suka auna a manyan tashoshin jihar Tekzas ta Amurka shi ne ɗan ƙarin ɗumin ƙasa da dare, saboda fikafikan na gauraya iskar sama da ta ƙasa. Shanu da tumaki kuwa suna kiwo a gindin injina a ƙasashe da dama ba tare da wata illa ba. Tsuntsaye da jemagu ne ke mutuwa idan fikafikan suka buge su, musamman in an kafa tashar a kan hanyar ƙaurarsu, shi ya sa ake nazarin wurin kafin a soma.

Maganar fili ita ce ta fi ƙarfi, ita ce kuma kamfanoni suka fi iya lulluɓewa da daɗin baki. Za a ce maka injin ba ya cin wuri, kana iya nomanka har gindinsa. Haka ne, a Taiba Ndiaye ta Senegal, inda aka kafa injina 46, ana noma a tsakaninsu. Amma kafin injin ya tsaya sai an fasa faffaɗan titi da manyan motoci za su bi da fikafikai, an share wurin da na'urar ɗaga kaya za ta zauna, an haƙa ramin wayoyi, an ja layin babbar wuta. Duk wannan ta kan gonar wani zai bi. A can Taiba Ndiaye ɗin an sami manoman da suka koka cewa diyyar da aka ba su ba ta kai darajar gonaki da itatuwan mangwaron da suka rasa ba. Bishiyar da ke ciyar da gida kowace shekara ba a auna ta da kuɗin rana ɗaya.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne makiyayi, domin burtali da mashaya ba su da takarda a aljihun kowa. A arewacin Kenya, kusa da tafkin Turkana, an kafa injina 365 masu ba da megawat 310 a ƙasar kiwo. Mutanen yankin sun kai ƙara a 2014, sai a Oktoba 2021 kotu a garin Meru ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen mallaka wa kamfanin da ya kafa injinan fili mai faɗin eka 150,000. Lokacin an riga an gama aiki, wuta na tafiya. A Kinangop kuma, a Kenya dai, rikicin fili da diyya da tsoron cuta ya sa aka watsar da aikin megawat 60 a 2016. Jama'a ba su ci ba, kamfani bai ci ba. Don haka duk wanda ya ce ana iya rasa fili ta wannan hanya bai yi ƙarya ba. Nijar na da abin kariya a rubuce: dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta kafa, da dokar kiwo ta 2010 wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Amma doka ba ta tashi da kanta ta zo taro, sai an kira ta.

Akwai kuma jita-jita mai daɗi, wadda a ganina ta fi mai ban tsoro ɓarna: wai da an kafa injinan kowane ƙauye zai sami wuta, ƙila ma kyauta. Ba haka tsarin yake ba. Wutar babbar tasha ana ɗaga ƙarfinta ne a zuba ta a babban layi ta nufi birane. Ta Turkana tafiyar fiye da kilomita 400 take yi kafin ta haɗu da layin ƙasa. Kafin ƙwan fitila ya kama a ƙauyen da ke gindin injin, sai an kawo taransifoma da turaku da ƙananan wayoyi da mita, kuma wannan wani aiki ne daban mai kuɗinsa daban. In ba a rubuta wanda zai yi shi ba, ko kamfanin da ya gina tashar ko NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ana iya wayar gari fankoki na juyawa a bayan gari, yara na karatu da tocila.

Haka batun aikin yi. Lokacin gini ana ɗaukar ɗaruruwan leburori da direbobi da masu gadi, na shekara ɗaya ko biyu. Da an gama, ƙwararru kaɗan ke rage. Kada saurayi ya sayar da gonar gado da tunanin albashin har abada. Kwanan watan kammalawa ma a riƙe shi da sassauci. Maƙwabta a Katsina sun gani: tashar Lambar Rimi, mai injina 37 da megawat 10 kacal, wadda aka yi tunaninta tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta haura shekara goma ana jan ƙafa a kanta.

Ni ina goyon bayan a yi amfani da iskar da Allah ya hore wa yankin, don ƙasar da ba ta da wutar kanta kullum hannunta na ƙasa. Amma kirana ga sarakuna da masu gari da ardo-ardo shi ne, ranar da aka zo taron jin ra'ayi, kada a ɓata shi a kan ciwon daji da hadari. A nemi taswirar inda kowane injin da titi zai bi. A nemi a karanta rahoton binciken muhalli da Hausa da Fulatanci da Buzanci, mata na wurin. A tambayi ko diyyar ta sau ɗaya ce ko haya ce ta shekara-shekara, a sa burtali da mashaya cikin yarjejeniya da sunayensu, a kuma rubuta ƙauyukan da za a ba wuta da wanda zai biya. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.