Wasan ƙwallon kumfa: darasin kimiyya cikin bokiti guda

Babban hutun makaranta, wanda ke kamawa daga watan Yuli har ƙarshen Satumba, lokaci ne da iyaye a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ke neman abin da zai riƙe yara kusa da gida, domin kada su wuni bakin tabki ko gulbi, inda kowace damina akan sami waɗanda ruwa ya ci. Sabili da haka muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wani wasa mai sauƙin kuɗi, wanda Allah ya sa damina ce lokacinsa, wato busa manyan ƙwallayen kumfar sabulu a fili.

Asalin wasan sananne ne gare mu. Yara da yawa sun taɓa tsinke kututturen ganyen gwanda, su tsoma shi cikin ruwan wanki su busa, wasu kuma da ruwan bini-da-zugu suke yi. Amma waɗannan ƙwallaye ba su wuce girman lemu. Wanda muke magana a kansa yana iya fin yaron da ya yi shi girma. A shekarar 2015, a birnin Kilibilan na Amurka, wani mutum mai suna Gary Pearlman ya tada ƙwallon kumfa mai cin iska mita 96 murabba'in ciki, wato kimanin cikin duro 480 na lita 200, har aka rubuta sunansa cikin littafin Guinness.

Kafin a shiga aiki, ya kamata a san abin da ake ginawa. Bangon ƙwallon kumfa ruwa ne tsantsa da sabulu ya rufe ciki da waje, kamar yadda ake sa takarda tsakanin bango biyu na littafi, kuma kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 10 na silin gashi ba. Ruwa shi kaɗai yana da halin jan jikinsa wuri guda, shi ya sa ɗigonsa ke dunƙulewa bisa ganye. Sabulu yana rage wannan ja har ruwan ya yarda ya shimfiɗu. Abokan gabansa kuwa biyu ne: nauyi, mai jan ruwan zuwa ƙasa har saman ƙwallon ya sirance, da busasshiyar iska mai shanye shi. A watan Maris da rana tsaka, danshin iska a Yamai yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura kuma, ƙwallon yakan fashe tun bai bar igiya ba. A watan Agusta da sassafe danshin yakan haura kashi 80. Duk wanda ya gwada wasan da bazara ya kasa, kada ya zargi hannunsa, ya jira safiyar da aka kwana ana ruwa.

Masana na jami'ar Emory a Amurka, ƙarƙashin Justin Burton, sun buga bincikensu a kan manyan ƙwallaye a shekarar 2020. Sun nuna cewa sirrin girma yana ga yauƙi: idan ruwan yana ɗauke da wani abu mai dogayen zarurruka da ido ba ya gani, sai bangon ya miƙe ba tare da ya yage ba. Haɗin da suka bayar shi ne lita 1 na ruwa, mililita 50 na sabulun ruwa na wanke kwanoni, rabin ƙaramin cokali na garin guwar da aka fara dama shi da mililita 50 na alkol don kada ya yi gudaji, da rabin ƙaramin cokali na garin tashin kek. Guwar wani wake ne da ake nomawa a Indiya da Pakistan, kuma samunsa a kasuwanninmu da wuya. To amma matar da ta taɓa kaɗa miyar kuɓewa ko ta karkashi ba ta bukatar a yi mata bayanin yauƙi, domin shi ma dogayen zarurruka ne irin na tsiro. A yanka ɗanyar kuɓewa 5 ko 6, a jiƙa ta cikin lita 1 na ruwa ta kwana, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a zuba sabulun a juya a hankali, kada ya yi kumfa a sama. Wanda ya sami gilisirin a farmasi ya ƙara babban cokali 1, yana hana ruwan bushewa da sauri.

Ruwan sama da aka tara ya fi dacewa, domin na rijiyoyi da yawa yana da farar ƙasa mai kashe ƙarfin sabulu. Sabulun sanda da garin wanki ba su ba da manyan ƙwallaye. Sabulun ruwa, wanda ƙungiyoyin mata da yawa ke haɗawa suna saidawa cikin buta, shi za a nema.

Kayan aikin kuwa sanduna biyu ne masu tsawon mita 1, da igiyar auduga biyu, ɗaya mita 1, ɗaya mita 2. A ɗaure bakin kowace igiya ga kawunan sandunan, doguwar tana reto a ƙasa da ɗan zoben ƙarfe a tsakiyarta. Auduga ake so sabili da tana shan ruwa, igiyar leda ba ta riƙe shi. Wani mai zanen gine-gine na birnin Niyok, David Stein, shi ya fito da irin wannan dabara ta igiya a shekarar 1984, saboda ɗiyarsa. Yaro ya haɗa kawunan sandunan ya tsoma igiya, ya ɗaga sama, ya ba iska baya, ya buɗe hannuwansa a hankali yana ja da baya, sannan ya sake haɗa su don ƙwallon ya rufe ya tashi. Gaggawa ce ke ɓata wa yawancin yara.

A nan ne muke kira ga malaman makaranta da na yaƙi da jahilci. Makarantunmu da yawa ba su da ɗakin gwaji, yara suna hardace darasin kimiyya kamar karatun allo, alhali ga gwaji cikin bokiti. Me ya sa ƙwallon ke neman zama kewayayye? Domin wannan siffa ce ke rufe iska mafi yawa da bango mafi ƙaranci. Masanin Beljika Joseph Plateau, wanda ya makance a 1843, ya ci gaba da nazarin kumfa da idon iyalinsa da abokansa har ya buga littafinsa a 1873. Daga ina launukan bakan gizo ke fitowa, ga ruwa fari? Daga hasken da ke dawowa daga fuskar bangon ta waje da ta ciki, kuma launin yana sakewa gwargwadon kaurin. Isaac Newton na Ingila ya rubuta a 1704 cewa baƙin tabo yana bayyana a saman ƙwallon dab da fashewarsa. Yaro ɗan aji 5 yana iya ganin wannan tabo da idonsa idan an ce ya duba.

Babba ya haɗa ruwan, ya kuma tsaya kusa. Kada a zuba shi cikin butar shan ruwa, kada a bar bokiti buɗe inda mai rarrafe yake, a aje ruwa mai kyau don wanke ido, a yi wasan bisa rairayi domin siminti yana santsi. Ƴaƴan bini-da-zugu guba ne, a hana yara ci. Malamin da ke son ya ƙara aiki sai ya kawo bokiti biyu, ɗaya da kuɓewa ɗaya babu, ya sa yaro guda yana ƙirga daƙiƙa, wani yana rubutawa cikin kaye, a gwada da safe, a sake gwadawa da azahar.