2.2 Asali da Bunƙasar Kamfanin Motoci na Peugeot

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bin tarihin kamfanin Peugeot, wanda Hausawa ke kira Fijo, domin a nuna yadda zuriyar maƙera ta zama ɗaya daga cikin magabata a sana'ar ƙera mota a nahiyar Turai.

Asalin iyalan Peugeot mutanen yankin Montbéliard ne da ke gabashin ƙasar Faransa. A shekarar 1810 wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric, suka mayar da gidan niƙan hatsi na iyalinsu masana'antar sarrafa ƙarfe. Sun shahara da ƙera zarto, daga baya suka ƙara da injin niƙa kofi da na masoro. Tambarin zaki da aka san motocinsu da shi ma a jikin zarto ya fara fitowa, domin nuna ƙarfin haƙoransa, kuma an yi masa rajista a 1858. Ke nan tambarin ya girmi motar farko da fiye da shekara 30.

Wanda ya karkato da kamfanin zuwa ga abin hawa shi ne Armand Peugeot (1849-1915). Ya fara da kekuna a 1882. A 1889 kuma ya haɗa gwiwa da Léon Serpollet suka fito da mota mai ƙafa uku wadda ke aiki da tururi. Sai dai tukunyar ruwanta tana da nauyi, ga ɗaukar lokaci kafin ta yi zafi. Saboda haka a 1890 ya koma ga injin fetur na Bajamushen nan Gottlieb Daimler, wanda kamfanin Panhard et Levassor ke ƙerawa a Faransa bisa izni. Abin lura a nan shi ne, injin na aro ne. Gudummawar Peugeot ita ce gwanintar sarrafa ƙarfe da fasahar keke, wato firam da sarƙa da ƙafafu marasa nauyi.

Gasar da aka yi daga Faris zuwa Rouen a 1894 ta nuna cewa wannan zaɓi ya yi daidai. Motar tururi ta De Dion ce ta riga isa, amma aka hana ta babbar kyauta saboda sai da mai kula da wuta take tafiya. Aka raba kyautar tsakanin Peugeot da Panhard et Levassor.

Duk da wannan nasara, ɗan baffansa Eugène bai yarda a zuba dukiyar iyali a harkar mota ba, yana ganin kasada ce. Wannan saɓani ya sa Armand ya ware a 1896, ya kafa nasa kamfani da masana'anta a Audincourt, ya kuma fara ƙera injinsa. Ba a jima ba 'ya'yan Eugène su ma suka shiga ƙera mota, sannan a 1910 ɓangarorin biyu suka sake haɗewa. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux.

Daga 1929, da fitowar samfurin 201, kamfanin ya ɗauki tsarin lamba uku mai sifiri a tsakiya. A kan wannan tsari aka sami 403 a 1955, da 404 a 1960, da 504 a 1968. Waɗannan biyu na ƙarshe su suka fi karɓuwa a Afirka, saboda juriyarsu ga hanyoyi marasa kwalta da sauƙin gyara. A 1975 aka fara harhaɗa motocin a Kaduna, har 504 ta zama motar ma'aikatun gwamnati da ta haya. A 1976 kamfanin ya mallaki Citroën, a 2021 kuma ya shiga cikin rukunin Stellantis.

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa Peugeot ya fara ne da injin aro, amma cikin shekara shida ya mallaki nasa, domin yana da tushe a ƙira tun 1810. Wannan shi ne bambancin da ke tsakanin ƙera mota da harhaɗa ta, kuma da shi ne za a auna aikin masana'antar Kaduna a sashe na gaba.